Sunan da Inna Take Amsawa

Shekara goma sha biyu na yi ina bayanin suna ɗaya, kuma na gaji. Na yi bayaninsa a asibiti, na yi a Islamiyya, na yi a gidan biki, na yi wa matan da suke kawo mini ɗinki ina riƙe da allura a baki. Sunan 'yata ne, Dadiya. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san Dadiya gari ne can kudu, bayan an wuce Kaltungo, cikin duwatsu. Shi ya sa da na faɗa sai a dube ni, a dubi yarinyar, sannan tambaya ta biyo baya.

Ba daga sama na tsinto shi ba. Sunan mahaifiyata ne, ko in ce sunan da na tashi na ji ana kiranta da shi. Baba malamin gona ne, aiki ya kai shi can yana saurayi, ya dawo gidanmu na Jekadafari da mata. Ta musulunta, an raɗa mata sunan Musulunci, amma ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. A irin gidajenmu ba a cika kiran matar gida da sunanta ba, balle in daga nesa aka kawo ta, garinsu ake laƙaba mata. Matar baffana, ta Nafada ake ce mata, a maƙwabta kuma akwai 'yar Dukku. Kakarmu mahaifiyar Baba, wadda muke kira Dada, ita ta fara cewa 'yar Dadiya. Da tafiya ta yi nisa sai 'yar ta faɗi a hanya, ya rage Dadiya kawai.

Daga ɗakin Dada ake ƙwala kiran. Dadiya, ruwan alwala. Dadiya, har yanzu ba a sauke tuwon ba? Inna tana tsugune bakin murhu, ko tana tsince shinkafa a faifai, sai ta ce na'am ba tare da ta ɗago kai ba. Kullum haka, kanta a ƙasa, hannunta bai bar abin da yake yi ba. Ni ladabi na ɗauke shi, har ina jin daɗi, don Dada da bakinta take faɗa wa baƙi cewa duk cikin surukanta babu mai kunyar Dadiya.

Ni ce 'yar fari, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da waɗanda suka koya mata ita. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ke nake, ko wannan. Ba ta zama hira da ni. In zazzaɓi ya kama ni sai ta tura ni ɗakin Dada, can anjima in ji motsin kwano a bakin ƙofa, ta ajiye kunu ta koma. Ban taɓa jin ta yi yarensu ba, ban taɓa zuwa garinsu ba, ban kuma taɓa tambaya ba, domin yarinyar kirki ba ta tsare uwarta da tambaya. Abin da na riƙe nata bai fi kaushin hannunta ba, da miyar yakuwa da gyaɗa da babu mai yin irinta, sai kuma wannan suna.

Ta rasu ina da cikin wata biyar. Ranar sadakar bakwai maigidana ya ce mini, in mace Allah ya ba mu, Inna ce ta dawo. Allah kuwa ya ba mu mace.

Ranar suna maza suka taru da safe a ƙofar gidanmu na Kumbiya-Kumbiya, aka raba dabino da goro, aka yi addu'a, aka yanka rago. Ina ɗaki cike da mata sai ga yayar maigidana, wadda kowa ke ce wa Adda, ta shigo da albishir cewa an yi wa Inna takwara. Aka rangaɗa guɗa. To amma sunan uwa ba a kiransa a gida, sai an nemo wa yarinya na alkunya, kuma wannan aikin mata ne. Adda ta ce Ummi. Wata ta ce Ummi ta yi yawa a dangi, a ce Walida. Ina jin su, jaririyar tana kan cinyata. Sai na ji bakina ya ce, "Dadiya za a kira ta."

Wata goggo da ke zuba kunun kanwa ta tsaya da ludayi a hannu.

"Ke, jegon ne ya taɓa miki kai?" in ji Adda. "Gari ne fa."

"Na sani, Adda. Da shi Inna take amsawa."

Ta matso ta rage murya, wai don kada baƙi su ji, alhali kowa ya kasa kunne. "Ana rufa wa mutum asiri ke kina tonawa. Shekara nawa baiwar Allahn nan ta yi cikinmu har ta zama tamu? Yanzu ki ɗauko dutse ki ɗora wa jaririya a ka? Gobe in manema sun zo, kafin a gaisa sai an fara tonon asali."

Ni kuwa zuciya gare ni, ban gado ta wurin Inna ba. Na ce asalin nake so a tambaya, in an tambaya a zo wurina. Adda ta tafa hannu ta ce to Allah ya raya, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, kuma mutum ne da ba ya son hayaniya. Da maganar ta kai masa sai ya ce shi dai ya yanka rago da sunan da addini ya sani, abin da za a kira ta kuwa mu mata mun fi kusa. Amma ranar da zai je karɓo takardar haihuwa na tsaya a bakin ƙofa na ce ya rubuta Dadiya a tsakiyar sunanta. Ya dube ni, ya ga idona, ya rubuta. A raina na ce shi ke nan, na yi wa Inna abin da ban yi mata ba tana raye.

Ashe aikin a nan ya fara. Ranar da na kai ta rigakafi, malamar asibitin da ke karɓar kati wata dattijuwa ce 'yar kudu, da sarƙar gicciye a wuya. Ta karanta katin, fuskarta ta washe, ta ɗago ta zuba mini yare. Ta sake maimaitawa a hankali. Na ce, "Ki yi haƙuri, ba na ji." Ta ce, "To me ya haɗa ki da sunan?" Na fara bayani, ga layi a bayana, ga yarinya tana tsala kuka. Ta saurare ni, amma murmushin ya riga ya tafi. Ta ce, "Mu ma da muke can ba ma sa wa yara wannan," ta miƙo mini katin ta kira ta gaba. Na fito ina tunanin nan an ce na tona asiri, can kuma an ce ba ni da hurumi.

Malamin Islamiyyarsu kuwa cikin ladabi ya yi nasa. Ya ce, "Hajiya, suna linzami ne. Ban ce haramun ba ne, akwai masu sunan Makka da Madina. Amma wannan mene ne ma'anarsa?" Na ce ma'anarsa uwata. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya jiƙanta, sannan ya rubuta sunan yanka a rajista, shi ke nan.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne 'yan matan da ke kawo ɗinkin anko. Za su ji na kira ta, sai ɗaya ta ajiye waya ta ce, "Kai Anti, sunan nan ya haɗu wallahi! A wane fim kika samo? In na haihu zan ara." In na ce ba fim ba ne, garin da ke bayan Kaltungo ne, sai ta ce, "Au, wannan Dadiyar," ta koma kan wayarta tana nuna mini irin hannun rigar da take so. Ba wadda ta ƙara zancen ara.

Wata maƙwabciya ta ce ai gara da na sa, ko ba komai na nuna ba na gudun dangin uwata. Na ji daɗi ranar, har na ƙara mata aljihu a rigar ɗanta. Daga baya na ji a gidan suna tana cewa taurin kai ne kawai irin nawa.

A gida kuwa a hankali aka cinye ni. Adda ba ta taɓa fasa Ummi ba ko sau ɗaya. 'Ya'yanta suka bi ta. Maigidana ya fara da cewa Ummi in Adda tana nan, Dadiya in ta tafi, har wata rana na lura ya daina canzawa. Ya rage ni kaɗai. Da na ga haka sai na ƙara ɗaga murya. Ina kan keken ɗinki zan ƙwala, Dadiya, miƙo mini almakashi, Dadiya, duba wanda ke sallama, don duk layin su ji. Akwai shekarar da na ƙi yi wa 'ya'yan Adda ɗinkin Sallah saboda wannan magana, aka yi ta kai da kawo har sai da baffan maigidana ya sa baki. Na ci wannan faɗan, kamar yadda na ci da yawa, amma ba na tuna ko ɗaya da na kwanta bayansa da sanyin rai. Gani nake in na saki sunan, Inna ta tafi ke nan gaba ɗaya, ba ta bar ko sawu ba a garin da ta yi shekara talatin tana tuƙa wa mutane tuwo.

Yarinyar ta taso mai shiru. Ba ta taɓa cewa komai a kan sunan ba sai da ta kai aji shida. Wata Juma'a ta dawo daga makaranta da takarda a hannu, ta tsaya gefen keken ɗinki har sai da na kai ƙarshen layi.

"Mama, fom ne na jarrabawar sakandare. Antin ajinmu ta ce sunan da aka rubuta a nan shi zai bi mutum har jami'a."

"To, kai wa babanki ya cike."

"Mama, so nake a cire na tsakiyar."

Na ɗauke ƙafa daga kan keke. Na ce me ya sa? Sai da na daka mata tsawa sannan ta faɗa. Wai a aji 'yar dutse suke ce mata, wasu su ce jikar tubabbiya. 'Yan kudun ajin kuma in sun gan ta sai su gaishe ta da yare, in ta kasa amsawa su fashe da dariya. Tun aji uku ake yi. Fushi ya kama ni, kuma maimakon in sauke shi a kan yaran mutane, a kanta na sauke. Na ce sunan uwata kike jin kunya? Na faɗi maganganu da yawa, ta tsaya tana hawaye da takardar a hannu. Ran Litinin za a mayar da fom ɗin.

Da na huce sai na yi dabara. Inna tana da ƙanwa a nan Gombe, a unguwar Madaki, muna ce mata Yafendo. Kirista ce, mijinta ya rasu, tana sayar da gyaɗa a ƙofar gida. Muna aika mata naman layya, ita kuma ta aiko mana da shinkafa da cincin ranar Kirsimeti, amma shigata gidanta bai fi sau uku ba. Ta zo ranar sunan yarinyar, na tuna ta zauna can bakin ƙofa, ta tafi da wuri. Na ce bari in kai mata yarinyar ta ba ta labarin duwatsunsu da gonakinsu, ko ta ji sunan ya yi mata nauyi a baki ta daina raina shi.

Ranar Asabar bayan La'asar muka hau keke napep zuwa Madaki. Mun same ta a gindin dalbejiya tana ɓare gyaɗa a tire. Ta yi murna, ta sa aka kawo mana tabarma da ruwa, ta riƙe hannun yarinyar tana duba ta, ta ce goshin yayarta ne sak. Bayan gaisuwa na zayyana mata abin da ya kawo mu. Na ce, "Yafendo, ki gaya mata ko wace ce Dadiya, ni na gaji."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗa har na ɗauka ba ta ji ni ba.

"Na ji ranar suna," in ji ta. "Tashi na yi na tafi don kada in yi kuka a gidan mutane."

Na ce ai ni ma na yi kukan.

"Ba na daɗi ba ne, 'yata." Ta ajiye tiren a ƙasa. "Shekarar da muka dawo Gombe aka bar uwarki ta zo ta wuni wurina. A ɗakin can ta zauna. Ta ce mini, a gidan nan ba wanda ya taɓa tambayata sunana. Wanda uwata ta sa mini sun ce a bar shi a can. Wanda suka ba ni da kansu ma ba su kira. Da gari suke kirana, kamar buhun wake da aka rubuta masa inda ya fito. Haka ta ce. Duk kiran da aka yi mata, tuna mata ake yi baƙuwa ce."

Na ce, "Amma ai tana amsawa."

"To ta ƙi? A gidan miji, ga uwar miji?"

"Shekara goma sha biyu, Yafendo. Me ya hana ki gaya mini?"

"Kin tambaye ni? Ke da uwarki duk ɗaya kuke, kunya ta cinye ku. Ni kuma wace ce da zan shiga gidan mutane in ce sunan da uwa ta sa wa 'yarta bai yi ba?"

Rashin sani ya fi dare duhu, na sha faɗa wa wasu, ban taɓa zaton ni za a faɗa wa ba. Muna zaune haka sai yarinyar ta ce, "Kaka, to mene ne sunan nata na wurin uwarta?"

Shekara arba'in ina duniya ban yi wannan tambayar ba. Yafendo ta dubi yarinyar, ta faɗi sunan. Gajere ne. Yarinyar ta maimaita, Yafendo ta ce a'a, ba haka ba, ɗaga ƙarshen. Ta sake, ta sake, a na uku tsohuwar ta tafa hannu tana dariya, hawaye yana bin kumatunta. Ta ce in uwarsu ta kira wannan sunan daga gona, da gudu yayarta take zuwa tana amsawa tun daga nesa, don duk gidansu babu mai surutu da dariya kamarta. Na yi ta ƙoƙarin haɗa wannan yarinya mai gudu da matar da ke ajiye mini kunu a bakin ƙofa, na kasa. Sunan kuwa ban maimaita ba. Ya zo har bakina ya tsaya, ɗiyar fari ba ta faɗin sunan uwarta, ko a nan ma ba zan rubuta shi ba.

A hanyar dawowa ina jin yarinyar tana maimaita shi ƙasa-ƙasa don kada ta manta. Yafendo ta ƙulla mana gyaɗa a leda, ina riƙe da ita a cinya har gida.

Ran Lahadi da safe na ɗauko biro na miƙa mata. Na ce rubuta abin da kike so. Ta dube ni ta ga ba gatse nake yi ba. Ta rubuta sunan yanka, ta rubuta na babanta, ta bar gurbin tsakiya fari. Maigidana ya sa hannu, ya dubi gurbin, ya dube ni, ya miƙa wa yarinyar fom ɗin, na kuwa gode masa. Da labari ya kai wa Adda ta ce ai ita tun ranar suna ta faɗa. Abin da ta faɗa daban, abin da na jiyo a Madaki daban, amma ba ni da sauran ƙarfin bayani.

Yanzu tana sakandare, kowa Ummi yake ce mata, ni ma ina koyo. Sai dai harshen da ya yi shekara goma sha biyu a kan abu ɗaya ba ya juyawa rana ɗaya. Makon jiya ina ɗinkin wata atamfa zare ya ƙare mini, ita kuma tana zaune a tabarma tana tsince shinkafar rana. Ban san lokacin da na ƙwala ba, Dadiya, miƙo mini baƙin zare.

Ta ce na'am. Ba ta ɗago kai ba, hannunta bai bar faifan ba.

Na zauna da ƙafa a kan keke ina kallonta. Ban san tun yaushe take amsa mini haka ba.